Daga Tsakar Gida Zuwa Rabin Fuloti: Tarihin Filin Gida a Kano

Duk magidancin da Allah ya buɗa wa abin hannu a birnin Kano a wannan zamani, har ya ƙudura niyyar fita daga haya ko daga ɗakin da ya gada a gidan mahaifinsa, ba zai daɗe yana bin dillalai ba sai ya tarar da kansa tsakanin abu biyu: ko dai tsohon gida mai yalwar fili wanda gininsa ya gaji, yana neman kuɗin gyara kusan na sake gini, ko kuwa sabon gida na bulo da siminti, mai tayil da silin, wanda aka ɗora bisa rabin fuloti har bangonsa na neman taɓa katangar maƙwabci. Mafi yawan mutane na biyun suke ɗauka, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Amma mas'alar ta wuce ƙidayar ɗakuna da cinikin farashi, domin sai wanda ya san yadda filin gida ya faro a wannan birni, da hannuwan da suka yi ta bi suna rage shi, zai iya sanin haƙiƙanin abin da yake saye da abin da yake sallamawa.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sa'an nan sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya gina gidan sarautar da ake kira da sunansa har yau, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Abin lura a nan shi ne, ba su kewaye gidaje kaɗai ba, sun kewaye gonaki da makiyaya da duwatsun Dala da Gwauron Dutse, saboda idan abokan gaba suka tsare ƙofofi, mutane su sami inda za su shuka da inda dabbobinsu za su yi kiwo. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya iso Kano a 1824, ya kintata cewa gidaje ba su cinye fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna; shi kuma wani Bature, Barth, wanda ya zo a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta mazauna birnin wajen 30,000, suna ninkuwa a lokacin fatauci. Watau ƙasa a wancan zamani tana da yawa, mutum shi ne mai tsada.

Saboda haka baƙon da ya zo da niyyar zama, ba da jakar kuɗi yake fara neman wuri ba. Ta hannun mai masaukinsa yake bi zuwa ga mai unguwa, ya kai goro da gaisuwa, a nuna masa kango ko wani sarari a ce ya gina. Idan kuma ya tashi ya bar wurin har ginin ya zube, filin ya koma hannun hukuma ta ba wani. Wannan kuwa ya dace da hukuncin raya matacciyar ƙasa wanda malaman fiƙihu suka yi bayani, wanda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe masa littafi mai suna Ta'alimur Radi. Ana gadon gida, ana ba da shi kyauta ko aro ko jingina, ana ma sayar da shi, amma abin da ake yi wa kuɗi galibi wahalar da aka zuba ce, watau ginin da azarar da ƙyamaren, ba ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga wannan cewa kowane Bakano na da yana zaune cikin makeken gida. Unguwannin da ke kewaye da Kurmi, irin su Alfindiki da Sharifai da Koki, tun da daɗewa a cunkushe suke, lungunansu da ƙyar jaki mai mangala yake ratsawa, kuma da yawa daga gidajensu ba su fi rabin fulotin yau girma ba. Ƙaramin fili ba baƙon abu ba ne a Kano. Abin da ya sauya shi ne wurin da ake ajiye sarari a cikin filin, kuma a ganina wannan ita ce cibiyar maganar baki ɗaya.

Maginin zamanin da, idan aka nuna masa wuri, katanga yake fara kewayewa, domin sutura ita ce farkon gida a wurin Musulmi, sa'an nan ya kafa zaure a bakin hanya, inda maigida zai karɓi baƙi, malami ya ba da karatu, masaƙi ko maɗinki ya yi sana'arsa. Daga zaure sai ƙofar gida, inda samari da baƙin kwana suke da ɗaki, sai shigifa wadda ba ya wuce ta sai muharrami ko amini, kuma ba a taɓa sa ƙofofin nan su kalli juna, don kada idon mai wucewa ya zarce. Bayan wannan sai cikin gida, inda turakar maigida da ɗakunan matan aure da madafa da rumbu suka jingina da katanga ta kowane gefe, suka bar tsakiya a buɗe ga sama. Bango ɗaya yana aikin biyu, katanga ce ta waje, bangon ɗaki ne ta ciki, ba a yi asarar ko taƙi ɗaya ba.

Aikin kansa abin a tsaya a duba ne. Da rani ake haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, lebura su shiga su yi ta tattakawa da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake kwaɓawa, har ta yi danƙo. Sa'an nan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi kai a tsuke, a jera a rana su bushe. Magini yana zaune bisa bango kamar mai hawan doki, yaro yana jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa, yana dasa su a tsaye, gindin bango da kauri, yana sirancewa gwargwadon tashinsa. Rufi kuwa da azarar giginya ake yi, wadda gara ba ta cika ci ba. To da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, sai gwanaye suka ƙago dabarar bakan gizo da ɗaurin guga, wadda da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Daga ƙarshe a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima, a kafa indararo, a ɗaga zankwaye.

Irin wannan gini ba ya ƙarewa, kuma ba a tambayar ko sabo ne ko tsoho. Kowace shekara kafin saukar damina sai an yi yaɓe. Ɗa ya isa aure a tayar masa da ɗaki a kusurwa. Tsohuwa ta rasu ɗakinta ya zube, a kwaɓa ƙasarsa a gina wani. Ɗakuna suna zuwa suna wucewa kamar yadda mutanen gidan ke zuwa suna wucewa, filin da katangar su ne gidan. Hatta ramin da aka ɗebi ƙasar ginin bai tafi a banza ba, shi ne ya zama kududdufin unguwa, inda ruwan sama yake taruwa maimakon ya shiga ɗakuna.

Wajibi ne kuma a faɗi wanda tsakar gida ta fi yi wa amfani. Namiji yana da kasuwa da masallaci da dandali. Macen da ke cikin kulle kuwa, tsakar gida ita ce duniyarta da masana'antarta. Nan take daka da surfe da shanya, nan take soya ƙuli-ƙuli da dama fura da ɗinkin hula, ta aza wa yara talla, ta tara abin da za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Nan turken akuyarta yake, da akurkin kajinta, da zogale ko lalle a bayan ɗaki. Nan ake taron suna da wankan amarya da zaman makoki. Nan ake shimfiɗa tabarma a kwana a daren bazara. Duk wanda ya rage tsakar gida, daga rabon mata da yara ya fara ragewa, ko ya sani ko bai sani ba, alhali kuwa su ne ba a cika tafiya da su duba gida ba sai an gama ciniki.

Shari'a ba ta bar wannan zaman cunkoso ba tsari. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka bisa ƙa'idar hana cuta da cutarwa: ba a buɗe tagar da za ta leƙa iyalin maƙwabci, ba a karkata indararo zuwa gidansa, ba a haƙa salga a gindin bangonsa ko kusa da rijiyarsa. Wani magini na Tunis mai suna Ibnur Rami, a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda, alkalanmu kuma suna samun su a cikin Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkam. Akwai kuma shufu'a, watau idan magada suna tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da ikon karɓewa a kan kuɗin da aka saya; amma da zarar an yi rabo an ja iyaka, shufu'a ta faɗi, domin a mazhabarmu abokin tarayya ne yake da ita, ba maƙwabci ba. Wannan hukunci ya riƙe gidajen gandu da yawa dunƙule tsara bayan tsara.

Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, kuma a dokar ƙasa ta 1910 suka shelanta cewa dukan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. A cikin birni al'amura ba su sauya nan take ba, amma a wajen ganuwa wata sabuwar Kano ta tsiro. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, da tituna miƙaƙƙu da filaye masu kusurwa huɗu, kowanne da lamba da takarda da kuɗin ƙasa. A nan ne fuloti ya shigo, watau filin da aka auna da ƙafa kafin a san wanda zai zauna cikinsa. Su kuma Turawa suka keɓe wa kansu Nasarawa da Bompai, kuma tsarin garuruwa na zamanin Gwamna Lugga, wanda aka tabbatar a dokar 1917, ya shar'anta a bar sararin yadi 440 ba gini tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa, bisa hujjar gudun sauro da cuta.

Da farko har Turawan ma cikin soraye suka zauna, Gidan Ɗan Hausa yana nan shaida. Amma sifar gidan da suka fi so ita ce wadda suka saba da ita a Indiya: gini guda a dunƙule a tsakiyar makeken fili, da baranda da tagogi masu kallon waje ta kowace fuska, da itatuwa kewaye, da ɗakunan boyi can baya. Wannan sifa kishiyar tamu ce sak, domin mu ɗakuna muke kewaye sarari da su, su kuwa sarari suke kewaye ɗakuna da shi. Kuma lalle tana da daɗi matuƙar filin ya kai eka guda, ta yadda tazara za ta tsaya a matsayin katanga. Da 'yan ƙasa suka gaji kujerun Turawa, sai suka gaji gidajensu, wannan sifa ta zama alamar wayewa da ɗaukaka. Dokokin gini kuma suka ƙarfafa ta, da yake sun wajabta a ja da gini baya daga iyaka, a bar tazara gaba da baya da gefe. An ɗauko tufar da aka ɗinka wa ƙato, aka ce kowa ya sa, ko da filinsa ƙafa 100 ne da 50, wanda shi ne awon da ya zama ruwan dare a unguwannin talakawa.

Daga nan sai yawan jama'a ya yi aikinsa. Ƙidayar 1952 ta sami Kano da mutum wajen 130,000. Ƙidayar 2006 kuwa ta ba ƙananan hukumomi takwas na cikin gari fiye da miliyan 2.8. An yi ƙoƙarin tarar abin da tsari, kamar shirin raya birnin na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda wani Bature mai suna Trevallion ya rubuta, amma birnin ya fi takarda sauri, balle da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya shiga gine-gine, kuɗin man fetur kuma suka malalo. A 1975 gwamnatin tarayya ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20, har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas wata da watanni, abin da ke nuna irin ƙishirwar siminti da ta kama ƙasar. Ginin ƙasa ya zama abin da ake jin kunyarsa, yaɓen shekara-shekara ya zama nauyi ga ma'aikacin da ba shi da 'yan gandu, kuma duk daminar da ta rusa gidaje, irin ta Agustan 1988 wadda a cikinta madatsar Bagauda ta ɓalle, sai ta ƙara wa bulo daraja a idon mutane. Gwamnatoci suka gina rukunin gidaje irin su Kundila da gidajen Shagari, daga baya Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, amma duk a haɗe ba su kai ɗigo cikin abin da ake bukata ba.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, ta zamanin mulkin Janar Obasanjo, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta sa takardar shaidar mallaka ta zama ita ce hujja, ta hana sayarwa ko jingina sai da yardar gwamna, ta kuma taƙaita filin birni da ba a gina ba wanda mutum ɗaya zai ci gaba da riƙewa zuwa rabin hekta. Niyyar ita ce a sauƙaƙa wa kowa samun wuri. Abin da ya auku kuwa shi ne, fulotin gwamnati ya zama rabon mai hanya, talaka ya koma wa manoman gefen gari, waɗanda suka ga gara su yanka gonakinsu su sayar da hannunsu tun hukuma ba ta karɓe ta ba su diyya kaɗan ba. Wannan shi ne awon igiya, wanda da shi unguwanni manya suka tashi ta wajen Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka, sau da yawa ba a bar wa titi ko magudana ko makaranta wuri ba. Da darajar naira ta fara zubewa daga 1986, fili ya zama asusun mai kuɗi. Kuma da yake yawancin mutanenmu kuɗi hannu suke saye, suna ƙyamar bashin banki saboda riba, babu abin da zai sauko da fili daidai aljihu sai wuƙa. Aka raba 100 da 50 ya zama 50 da 50, aka sake rabawa ya zama 25 da 50. Hatta manyan filayen Nasarawa an sare itatuwansu an yanyanka.

A kan wannan rabin fuloti ne masu gini don sayarwa suke aikinsu, kuma sun san abin da ido ke so. Dillali zai buɗe maka get ya ce, “Alhaji, sabo ne fil, ko kwana ɗaya ba a yi a ciki ba, ɗaki uku ne da falo, kowane ɗaki da banɗakinsa, shiga kawai za ka yi.” Gaskiya ya faɗa. Amma ka tsaya a bakin get ɗin ka duba: taku uku ne tsakaninka da ƙofar falo, an daɓe wurin da siminti, idan mota ta shiga sai an yi gefe-gefe a wuce. Ka zaga ta gefen ginin, lungu ne wanda kafaɗunka ke neman gogar bango biyu, a ciki aka cusa tankin ruwa da janareta da murfin sokawe. Ka buɗe tagar uwar ɗaki, katanga ce a gabanka, bayanta kuma tagar maƙwabci, har kana jin abin da ake faɗa a ɗakinsa. Ranar da aka tare za a rataya labule mai kauri, ba kuwa za a sake ɗaga shi ba. Babu zaure, saboda haka baƙon da ba muharrami ba ko dai a tsaya da shi a titi, ko a shigo da shi falo iyali su ɓuya a ɗaka. Ranar da uwargida ta zo gani, tambayarta ta fari ita ce, “Malam, a ina zan yi shanya, a ina za a ɗora tukunyar suna?” Amsar kuwa ita ce titi, shi ya sa yau ba ka ratsa unguwa ranar Asabar ba ka tarar an tare hanya da rumfa ba.

Ga lissafi mai sauƙi wanda kowa zai iya yi da alli a ƙasa. Fili mai ƙafa 50 da 50 murabba'in ƙafa 2,500 ne. Idan aka dasa gini mai ƙafa 40 da 38 a tsakiyarsa, an rufe 1,520, saura 980 sun watse: ƙafa biyar-biyar a gefe biyu, huɗu a baya, takwas a gaba, babu inda za a shimfiɗa tabarma biyu a jere cikin sutura. Idan kuwa aka jingina ɗakuna masu zurfin ƙafa 12 da katanga ta gefe uku, an rufe 1,512, kusan daidai da na farko, amma abin da ya rage tsakar gida ce guda mai ƙafa 26 da 38, wadda za ta ɗauki bishiya da turmi da igiyar shanya da taron mata, kowace taga kuma cikin gida take kallo. Fili ɗaya, yawan gini ɗaya, zama iri biyu. Ashe ba ƙanƙantar filin ce kaɗai ta matse mu ba, har da sifar da muka aro da dokar tazarar da ta tsare ta, kuma ina ganin ya kamata hukumar tsara birni ta sake nazarin wannan doka a kan ƙananan filaye.

Duk da haka zalunci ne a rufe ido ga fa'idodin sabon gida. Wanda ya taɓa zama a gidan gado mai magada talatin, inda ba a iya canja ƙyaure sai an yi shawara, inda husumar matan 'yan'uwa ke cinye zumunci, ya san ni'imar rufe ƙofarka da hannunka. Sabon gida yana hutar da mai shi daga gyara na wasu shekaru. Wayar lantarki da bututun ruwansa sababbi ne. Ƙaramin wuri yana da sauƙin shara da tsaro. Kuma sau da yawa rabin fuloti kusa da kasuwa da makarantar yara ya fi cikakken fuloti a bayan gari, inda kuɗin mota zai cinye bambancin. Ga mai ƙaramin iyali, ko wanda ya gaji da wulakancin haya, wannan maslaha ce bayyananniya, kuma rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, sabunta ita ce sifar da ta fi saurin gushewa cikin duk abin da ya biya. Fenti yana koɗewa, tayil yana fita yayi, bayan shekara goma gidan ya bi sahun tsofaffi, alhali filin yana nan yadda yake, ba ya ƙaruwa da taƙi ɗaya, shi ne kuma kuɗinsa ke hawa. Wanda ya sayi sabon gida a ƙaramin fili ya zuba mafi yawan kuɗinsa a abin da ke raguwa. Sa'an nan iyali suna yaɗuwa: a ƙara aure, yara maza su balaga su bukaci ɗaki a waje, mahaifiya ta tsufa a ɗauko ta, babu kusurwar da za a tayar da ɗaki. Bayan rai kuma ya yi halinsa, gidan da ba ya rabuwa sai da ɓarna hukuncinsa a sayar a raba kuɗi idan wani magaji ya nema; watau irin wannan gida na tsara ɗaya ne, da wuya jika ya ce nan ne gidanmu.

Akwai kuma aibobin da sabon fenti yake rufewa. Malamanmu sun kasa aibin gida kashi uku: ƙanƙani wanda ba a komawa kansa, matsakaici wanda mai saye zai karɓi ragin kuɗi gwargwadonsa, kamar tsagewar bangon da ba a jin tsoron faɗuwarsa, da babba wanda ke halatta mayar da gidan ɗungum, amma kafa hujja a gaban alkali bayan an tare ya fi wuya nesa da bincike kafin a biya. Mai hankali yakan tafi da magininsa, ba na mai sayarwa ba, ya kankare bulo da ƙusa ya ga ko yashi ne zalla, ya tambayi kaurin rodin da aka sa. Yakan je gidan da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, ya ji yadda kwano da siririn bulo suke mayar da ɗaki, abin da kaurin tubali yake tarewa. Yakan koma a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ya dubi gindin katanga da titi, ya tambayi dattawan unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne aka cike da shara, domin ruwa ba ya manta mazauninsa. Yakan auna tsakanin rijiya ko burtsatse da sokawe, nasa da na maƙwabta uku, tun da a ƙaramin fili abin da kake sha da abin da kake zubarwa kusa suke da juna. Takarda kuwa, idan fuloti ɗaya aka raba biyu, sai ya san a hannun wa ta asali take, ko an yi rabon da sanin hukuma, ko kuwa takardar mai unguwa da shaidu kaɗai ake da ita.

Hanya ɗaya ta rage wa ƙaramin gida ya girma, ita ce sama. Wannan ma ba baƙuwa ba ce, domin attajiran birni sun daɗe suna gina bene da ƙasa da azara. Saboda haka yana daga cikin tambayoyin da suka fi nauyi a san ko harsashin zai ɗauki rufin kankare da hawa na biyu, domin mafi yawan masu gini don sayarwa ba sa kashe kuɗi a abin da ke binne. Idan zai ɗauka, mai gida ya sami wurin 'ya'yansa maza da sararin shan iska a bisa. Sai dai ranar da ya hau, tagoginsa za su buɗe a kan 'yar tsakar gidan maƙwabcinsa mai hawa ɗaya, ya zama dole ya ɗaga su sama da tsayin mutum ko ya toshe wannan gefen, kamar yadda alkalan zamanin da suke hukuntawa, in ba haka ba maƙwabcin ya kai ƙara wurin mai unguwa, ko shi ma ya nemi kuɗin rodi ya tashi nasa benen.